Gayya da Ɗakin Karatun Unguwa

Shekara 3 na yi ina aikin rabin yini a wani ƙaramin laburare na unguwa a arewacin Ingila, lokacin ina karatu. Ranar da takarda ta zo daga ƙaramar hukuma cewa za a sallami ma'aikata a miƙa reshenmu ga masu aikin sa-kai, ni kaɗai ne ban ga aibun abin ba. Har cewa na yi ai mu ma a gida muna da irinsa, gayya ake kira, gari ya fito ya nome gonar mutum kafin azahar. Shugabarmu, wata dattijuwa da ta tsufa a aikin, ta dube ni ta ce, "To gobe ma suna dawowa? Jibi fa?" Na rasa ta cewa.

Tushen abin tun 2010 ne, da gwamnatin David Cameron ta shiga tsuke bakin aljihu, kuɗin da ake ba ƙananan hukumomi ya yi ƙasa sosai. Dokar ɗakunan karatu ta 1964 ta wajabta musu samar da ɗakunan karatu wadatattu masu inganci, sai dai ba ta faɗi rassa nawa ko ma'aikata nawa ba. Ta wannan kafa aka bi. Binciken BBC na 2016 ya gano an rufe ɗakunan karatu 343, guraben aiki kusan 8,000 sun tafi, an kuma miƙa 174 ga ƙungiyoyin al'umma. Waɗannan 174 ɗin ba sa cikin lissafin waɗanda aka rufe, shi ya sa dabarar take yi wa kansiloli daɗi: ƙofa a buɗe, albashi babu.

Da farko na ɗauka aikinmu jera littattafai ne da buga hatimi. Zama a teburin ne ya koya mini ba haka ba ne. Akwai wani magidanci da kullum zai ce ya manto tabaransa a gida, a taimaka a karanta masa wasiƙa. Na yi watanni kafin na gane ba ya iya karatu. Shugabarmu ta daɗe da sani, ba ta taɓa nuna masa ba, sai ta ja shi gefe ta karanta masa a hankali. Da aka shigo da Universal Credit, tallafin gwamnati ga marasa aiki da masu ƙaramin albashi, wanda ta intanet ake nemansa, yawancin yinina ya koma zama kusa da mutanen da ba su da kwamfuta a gida, suna buɗe mini cikinsu: bashin haya, rashin lafiya, auren da ya mutu. Suna faɗa mini ne don ni ma'aikaci ne, an horar da ni kan riƙe sirri, in na yi sakaci akwai mai tuhumata. Yanzu a ce maƙwabciyarka, wadda 'ya'yanku ke aji ɗaya, ita ce a teburin. Za ka miƙa mata takardar bashi? Za ka ari littafi kan ciwon da kake ɓoyewa?

Sai abin da ya kamata in fi kowa sani, tunda ni na kawo zancen gayya: gayya ta mai mutane ce. Unguwar masu hali cike take da malamai da akantoci da suka yi ritaya, suna da lokaci, sun iya rubuta takardar neman tallafi, sun san lauya. Tamu kuwa direbobi ne da masu aikin dare a rumbunan kaya da mata masu jinyar tsofaffi. Inda aka fi buƙatar laburaren, nan aka fi rasa mai riƙe shi.

Kotu ma ba ta kai inda muka zata ba. A ƙararrakin da aka kai kan ɗakunan karatu a gundumomin Surrey a 2012, da Lincolnshire a 2014, da Northamptonshire a 2018, babbar kotu ta ce hukumomin sun saɓa ƙa'ida. Amma hanyar da aka bi wajen yanke shawara alƙali ke dubawa. A Lincolnshire sai suka sake jin ra'ayin jama'a, suka aiwatar da kusan abin da suka yi niyya tun farko.

Masu sa-kan kam ban ga laifinsu ba. An ce musu ko ku karɓa ko a sa kwaɗo, suka karɓa. Na leƙa reshen a hunturun da ya wuce. Kwana 3 yake buɗewa a mako, shi ma rabin yini. Matar da ke riƙe da makullai tana ta lissafin kuɗin ɗumama ɗaki a bayan wata ambulan, ta ce mutum biyu sun daina zuwa, ɗaya gwiwa ta hana shi, ɗaya ta samu aiki. Na tambaye ta mai tabarau. Ba ta san shi ba.