Kuɗin 'yan biki a hannun wa yake kwana?

Sana'ata riƙe jerin kyaututtukan aure ce. Masu shirin aure su zo su zaɓi kayan da suke buƙata a sabon gidansu, mu rubuta mu ɗora a shafi, dangi da abokan arziki su shiga kowa ya biya abin da ƙarfinsa ya kai. Duk abin da aka biya sai a soke shi daga jerin, don kada wani ya sake sayen irinsa. Bayan biki mu haɗa kayan mu kai musu har gida. A baki dai abin ba wuya.

Kamfanin namu ƙarami ne, ni da ma'aikata 'yan kaɗan da sito ɗaya. Galibin masu zuwa wurinmu sun riga sun leƙa manyan kamfanoni kafin su iso, don haka na haddace tambayoyinsu. Kaya kala nawa gare ku? Shafin yana fitowa da kyau a waya? Za a iya sa hotonmu a sama? Duk ina amsawa. Amma da wuya in ji wanda ya tambayi abin da ni zan fara tambaya da a ce nawa ne auren: daga ranar da ɗan biki ya biya zuwa ranar da kayan za su shiga gida, kuɗin yana hannun wa?

Harkar ba sabuwa ba ce. Wani babban kanti a birnin Chicago na Amurka, Marshall Field's, shi ya fara ta a 1924, inda amarya kan je ta zaɓi irin tangaran da azurfa da kofunan gilas da take so, a rubuta a littafi, masu zuwa saye su duba. A 1993 kantunan Target suka mayar da littafin cikin kwamfuta. A wannan shekarar kuma wani masanin tattalin arziki, Joel Waldfogel, ya fitar da wani bincike kan kyaututtukan Kirsimeti, ya ƙiyasta cewa tsakanin kashi 10 cikin 100 zuwa sulusin darajar kyauta yana salwanta, saboda mai bayarwa ya sayi abin da mai karɓa ba zai saya da wannan kuɗin ba. Duk wanda ya taɓa ganin sabon gida da dutsen guga uku, babu ko bokiti, ba ya buƙatar masani ya gaya masa. Wannan asarar ce jerin kyauta ya zo ya toshe, kuma ya toshe ta. Sai dai ya buɗe wata ƙofar.

A zamanin littafi, mai saye yakan biya ya ɗauki kayansa ya tafi, ko kanti ya ware shi nan take. Yanzu ba haka ba ne. Akan buɗe jeri makonni ko watanni kafin biki, mutane su yi ta biya, kamfani kuma ba ya yin odar komai sai an rufe jerin, saboda amarya da ango suna da damar sauya ra'ayi, kuma odar kaya a dunƙule ta fi sauƙi. Wato abin da ɗan biki ya saya alkawari ne, ba faranti ba. Kuɗin mutane masu yawa yana taruwa a hannun kamfani na tsawon watanni, ga albashi yana jira, ga kuɗin haya, ga talla. Mai sana'ar da ya taɓa wannan kuɗi sau ɗaya da niyyar mayarwa, to ya shiga biyan kayan bikin jiya da kuɗin bikin gobe, kuma hakan yana tafiya ne kawai muddin sababbin bukukuwa suna ƙaruwa.

Duk wanda ke cikin wannan sana'a ya san labarin Wrapit. Kamfanin jerin kyauta ne a Birtaniya, mai suna, mai ɗakunan nuna kaya masu kyau a garuruwa da dama. A watan Agusta na 2008 ya durƙushe, ya bar ma'aurata kusan 2,000 babu kayansu. Tun kafin nan mutane suna kukan jinkirin kai kaya, ana ba su haƙuri. Masu kamfanin sun ɗora laifin a kan bankinsu, har wasu amare suka sa rigunan bikinsu suka yi zanga-zanga a gaban hedikwatar bankin a Landan. Abin da ya fi ba ni tausayi a labarin shi ne wannan: a idon doka amarya ba ta sayi komai ba. Wanda ya biya shi ne mai haƙƙin neman a mayar masa da kuɗinsa. Kenan sai amarya ta bi baƙinta ɗaya bayan ɗaya tana cewa, kyautar nan da kuka ba ni ba ta zo ba, ku je banki ku nema. Wa zai iya wannan? Dokar bashin masu saye ta Birtaniya ta 1974 tana ɗora wa kamfanin katin bashi alhaki idan kayan ya haura fam 100, amma yawancin kyautar biki ba ta kai haka ba.

Girman kamfani ma ba kariya ba ne. Kantin Bed Bath & Beyond yana cikin manyan wuraren da Amurkawa ke buɗe jerin kyautar aure a lokacin, a watan Afrilun 2023 ya bayyana karyewarsa a gaban kotu, cikin 'yan makonni ya daina karɓar katunan kyautarsa.

Shi ya sa a wurinmu asusu biyu ne. Kuɗin 'yan biki yana shiga nasa asusun, ba a biyan albashi ko haya daga ciki, ba a taɓa shi sai don sayen kayan wannan bikin da aka biya dominsa. Ribarmu ba ta fita sai kaya sun isa gida an sa hannu. Akwai watannin da aljihun kamfani yake bushewa ƙarau alhali ɗayan asusun yana cike, ina kallonsa yana kallona. Ba zan ce da daɗi ba. Amma amana ce, kuma duk kamfanin da ke yin haka ba zai ji nauyin rubuta muku shi a takarda ba. Ku tambaya. Idan aka fara yi muku kwana-kwana, ana cewa ai mun daɗe a harkar, ai ba a taɓa jin kanmu ba, kun sami amsarku.

Kamfanonin kansu ba iri ɗaya ba ne. Akwai jerin babban kanti, kamar na Amazon, inda abin da suke sayarwa kaɗai za ku zaɓa. Akwai masu zaman kansu irin Zola a Amurka da Prezola a Birtaniya, masu haɗo kayan kamfanoni da yawa. Akwai waɗanda shafi ne kawai, su tura mai saye zuwa kantin da kayan yake, kuɗi ba ya bi ta hannunsu sam, amma kuma kaya suna zuwa a warwatse, in an sami matsala ba wanda za ka riƙe. Sai masu tara tsabar kuɗi, kamar Honeyfund da aka kafa a 2006, don tafiyar amarci ko wani babban buri. Ni ban ce wani ya fi wani ba. Ya danganta da ko gidan naku wayam yake, ko kuwa kowannenku ya riga ya mallaki tukwanensa.

Da aka ce muku kyauta ne, ba a biyan ko sisi, sai ku tambaya ta ina ake ci. Mu muna sarar kaya ne mu sayar a farashin kanti, ratar da ke tsakani ita ce abincinmu. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne, amma yana da sharaɗin da ba a cika faɗa ba: tunda ribar tana cikin kaya, kamfani ba ya son ku ce a ba ku tsabar kuɗi. Wasu za su mayar muku da shi ajiyar da ba ta kashuwa sai a wurinsu, wasu su sa mata wa'adi, in ya wuce ta mutu. Masu tara kuɗi kuma akwai la'adar katin banki, wadda galibi takan kai kashi 2 zuwa 3 cikin 100, ko a cire daga abin da ya shigo ko a ƙara wa mai biya. Gara a cire daga naku. Mutum ya zo yin alheri a ce masa ya ƙara wani abu a kai, abin yana sosa rai, ko bai faɗa ba. Akwai kuma rangwamen da ake yi wa ma'aurata kan kayan da suka rage ba a saya ba, sau da yawa kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Yana da amfani, amma ku sani shi ne ke sa a zuga ku ku cika jeri da abin da ba wanda zai saya.

Rabin aikina ba da amarya nake yin sa ba, da baƙinta nake yi. Wata dattijuwa ta taɓa kirana, kakar ango ce, muryarta tana rawa. Ta ce, "'Yata, an turo mini wani abu a waya an ce in danna. Ni ban iya dannawa ba. Ki karanta mini abin da yaran nan suke so." Na ce, "To Mama, ki ba ni aron kunnenki." Na bi jerin tun daga sama ina karantawa, tana cewa wuce, wuce, har muka zo kan bargo. Ta tambayi kaurinsa, ta tambayi ko yana zuba, ta sa na ɗauko samfurin na shafa na gaya mata gaskiya. Sannan ta yi mini shiftar saƙon da za a rubuta a kati, ta sa na maimaita mata sau biyu. Kafin ku zaɓi kamfani, ku tuna da mafi tsufa a cikin waɗanda kuka gayyata. Akwai lambar da zai kira mutum ya ɗauka? Dole sai ya buɗe asusu da kalmar sirri kafin ya sayi cokula shida? Ku shiga shafin kamar ku ne baƙin, ku gwada saye har zuwa wurin biya.

Wajen tsara jerin ma da baƙi nake tunani. Amare suna son farawa da manyan kaya, firji da injin wanki da kujeru. Nakan ce a sa, amma a raba shi kashi-kashi yadda mutum biyar ko goma za su haɗu a kai. Kuma a cika ƙasan jerin da ƙananan abubuwa masu kyau. Masu ƙaramin ƙarfi su ne suka fi yawa a kowane biki, su ne kuma kan makara, sai su shiga su tarar an kwashe masu sauƙin, saura abin da ya fi ƙarfinsu. Ba za su yi magana ba, za su rufe shafin ne kawai cikin kunya. Don haka muna duba kowane jeri lokaci-lokaci, in ƙasan ya ƙare mu kira mu ce a ƙara.

Abin da ya fi cin lokacinmu shi ne kayan da aka daina yi. An zaɓi faranti tun watanni baya, mutum huɗu sun biya bibbiyu, an zo oda masana'anta ta ce ta sauya zane. Na kira wata amarya kan haka, ta yi shiru, sannan ta ce, "Anti, to yanzu waɗanda suka saya za a gaya musu?" Na ce wannan shawararta ce, ba tamu ba. Na tura mata hotunan iri uku da suka yi kama, da zaɓin a bar mata kuɗin. Wasu kamfanonin sukan sauya da kansu ba shawara, sai an buɗe kwali a gani. Ku nemi a rubuta muku cewa ba a musaya sai da izininku, kuma in farashi ya tashi tsakanin biya da oda, kamfani ne zai ɗauka. Wanda ya ci ladan kuturu, ai shi zai yi masa aski.

Ranar haɗa kaya kuwa, sito yakan zama kamar ba za a gama ba. Kowane kwali sai an buɗe. Tangaran mukan ɗaga shi a haske mu ƙwanƙwasa da yatsa, mai tsaga ba ya ƙara, sautinsa a dakushe yake. Kayan lantarki a duba takardar garanti, a tabbata daga ranar kaiwa za ta fara aiki ba daga ranar da aka biya ba. Sannan takardar da na fi ba muhimmanci: wa ya sayi me, da saƙonsa. Da ita ma'aurata za su yi godiya, kuma kuskure a cikinta ya fi fashewar kofi muni, domin kofi ana sake shi, amma ka gode wa kawu kan abin da gwaggo ta saya, an daɗe ana tunawa. Ku tambayi sau nawa ake kawo kaya ba tare da ƙarin kuɗi ba, tsawon wane lokaci za a ajiye muku idan gida bai kammala ba, da kwana nawa kuke da shi na kai ƙorafi idan abu ya zo a fashe. Wasu wa'adin nasu gajere ne ƙwarai, yana ƙarewa ma'aurata suna can wajen tafiya.

Saura maganar sirri, wadda ba a damu da ita ba sai ta faru. Jerin kyauta yana ɗauke da sunayenku, da ranar bikinku, wani lokaci har da adireshi, ga kuma lissafin sababbin kayan da za su shiga gidan. Bai kamata kowa ya same shi ta hanyar rubuta sunanku a Google ba. A watan Mayun 2022 ɓarayin intanet sun shiga asusun wasu masu amfani da Zola, ba ta fasa kamfanin ba, sai ta gwada kalmomin sirrin da aka sato daga wasu shafuka, saboda mutane suna maimaita kalma ɗaya a ko'ina. Ku ware wa jerin tasa kalmar. Ku kuma tambaya ko ana sayar da lambobin baƙinku ga masu talla, domin su ba su ƙulla komai da kamfanin ba, ku kuka kawo su.

Wani lokaci nakan mayar da ciniki. Idan biki ƙarami ne, mutum ashirin da duk sun san juna, nakan ce musu ba sa buƙatarmu. Su rubuta abin da suke so a takarda, su damƙa wa 'yar'uwa ɗaya mai tsari, duk wanda ya saya ya gaya mata ta soke. Ma'aikatana ba sa jin daɗin wannan shawara, musamman a watan da ciniki ya ja baya.