Ƙuri'a 707: Kwana uku a Bradford ta Yamma

Daga Leeds zuwa Bradford tafiyar kamar minti ashirin ce a jirgin ƙasa, ko gyangyaɗi ban samu na yi ba muka fara gangarawa. Garin a kwari yake, sai ka ce an zuba shi a cikin akushi, duk inda ka nufa daga tsakiya sai ka hau tudu. Watan Oktoba ne na 2024, ana yayyafi irin wanda ba ya jiƙa mutum nan take amma kuma ba ya ɗaukewa. A bakin tasha na tarar da kawuna, ƙanin mahaifiyata, da lema a hannu yana jirana. Ya haura shekara talatin a garin, yawancinsu a bakin sitiyarin motar bas, yanzu ya yi ritaya.

Zumunci ne ya kai ni, amma ba zan ɓoye ba, akwai wani lissafi da ya tsaya mini a rai tun watan Yuli. A babban zaɓen 2019, Naz Shah ta jam'iyyar Leba ta ci kujerar Bradford ta Yamma da ƙuri'a 33,736, ta ba mai bi mata ratar 27,019. A zaɓen 4 ga Yuli 2024, ranar da jam'iyyarta ta kwashe kujeru sama da 400 cikin 650 na majalisar dokokin Birtaniya ta kafa gwamnati, ita da ƙyar ta sha: ƙuri'a 11,724 ta samu, ɗan takara mai zaman kansa Muhammed Islam ya samu 11,017. Tazara 707 ke nan. Ina ƙuri'a dubu ashirin da biyu suka shiga cikin shekara biyar?

Tun a mota na jefa wa Kawu tambayar. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ko jakarka ba ka ajiye ba? Bari gobe ka taka garin da ƙafarka tukuna."

Washegari da hantsi muka fita, kuma da gaske da ƙafa yake nufi. Mun fara daga dandalin da ke gaban babban ginin hukumar birni, inda aka yi wani faffaɗan tafki marar zurfi da yara ke wasa a ciki da bazara, muka kama titin Manningham muka yi ta hawa. Mazaɓar gunduma shida ce: City, Manningham, Toller, Heaton, sai Clayton da Fairweather Green, sai Thornton da Allerton. Huɗun farko su ne cikin gari, gidaje a jere manne da juna, duk na dutse mai ruwan ƙasa da hayaƙin masaƙu ya baƙanta tun zamanin kakanni. Masallatai ba sa ƙirguwa, wasu da hasumiya da ƙubba, wasu kuma tsohon gida ne ko tsohon coci aka gyara. A tagogin gidaje da na shaguna har lokacin ana ganin tutar Falasɗinu, wasu rana da ruwa sun cinye launinsu.

Da muka kai saman tudu numfashina ya kusa ƙarewa, Kawu kuwa ko a jikinsa. Ya nuna mini masaƙar Lister, ƙaton gini mai dogon bututun hayaƙi da ake hangowa daga kusan ko'ina a garin. Yanzu an mayar da wani sashensa gidajen haya. A nan ne ma'aikata suka shiga yajin aiki daga Disamba 1890 zuwa Afrilu 1891 saboda an zabtare musu albashi. Ba su yi nasara ba, yunwa ta mayar da su bakin aiki. Sai dai daga wannan ɓacin rai aka gane cewa ma'aikaci yana bukatar nasa wakili a majalisa, kuma a Janairu 1893 aka yi taro a nan Bradford aka kafa jam'iyyar ma'aikata mai zaman kanta, Keir Hardie yana shugabantar zaman. Tana cikin ƙungiyoyin da suka haɗu a 1900 suka kafa abin da ya zama Leba. A 1906 Fred Jowett, wanda tun yana yaro yake aiki a masaƙa, ya ci kujerar Bradford ta Yamma. Wato idan Leba tana da mahaifa, nan kusa take.

Waɗannan masaƙu ne dai suka jawo mutanen da a yau su ne mafi yawan masu zaɓe a unguwannin cikin gari na wannan mazaɓa. Bayan yaƙin duniya na biyu an rasa masu aikin dare, sai maza suka riƙa zuwa daga Pakistan, da yawansu daga yankin Mirpur na Kashmir, musamman bayan da madatsar ruwa ta Mangla ta tashi ƙauyuka a shekarun 1960. Suka zo da niyyar su tara kuɗi su koma, sai iyali suka biyo su. Masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya, mutanen suka zauna.

Da yamma, bayan mun dawo, Kawu ya ɗauko wani tsohon gwangwanin biskit daga saman kabad. Na zaci hotuna ne. Ashe takardun yaƙin neman zaɓe ne da ake turowa ta ramin wasiƙa na ƙofa, ya tara su shekara da shekaru, kowane zaɓe da robarsa, a bayan ta sama ya rubuta sakamako da biro. Shi ma yana da ƙuri'a, domin dokar Birtaniya ta ba ɗan ƙasashen Kwamanwel da ke zaune bisa ƙa'ida damar yin zaɓe. Ya baje su a kan tebur, ya gyara tabarau, ya ce in duba da kyau in gaya masa abin da na gani.

Abin da na fara gani shi ne tun 1974 babu babban zaɓen da Leba ta faɗi a wannan mazaɓa. Edward Lyons ya ci, Max Madden ya gaje shi a 1983, Marsha Singh a 1997, sai Naz Shah daga 2015. Wanda ya tsaya a iya wannan zai ce ai kujera ce ta gado. Amma da na bi ratar ɗaya bayan ɗaya sai na ga wani abu daban. A 1997, shekarar da Tony Blair, shugaban Leba a lokacin, ya share ƙasa, a nan ratar Leba raguwa ta yi, daga sama da dubu tara ta dawo ƙasa da dubu huɗu. Leba ta tsayar da Marsha Singh, mabiyin addinin Sikh, jam'iyyar Conservative kuwa ta tsayar da Musulmi, Mohammed Riaz, mutane da yawa suka bi mutum suka bar jam'iyya. A 2010 Leba ta rasa mulki, amma a nan ratarta ta ƙaru zuwa 5,763. A 2019 ta sha kayen da ba ta taɓa sha ba tun 1935, a nan kuwa ta samu kashi 76 cikin ɗari. A 2024 ta hau mulki, a nan ta kusa faɗuwa. Duk inda iskar ƙasa ta kaɗa, Bradford ta Yamma sai ta juya mata ƙeya.

Ɗaurin da ya fi kowanne kauri shi ne na 2012, kuma a kansa Kawu ya fi daɗewa. Marsha Singh ya ajiye kujera saboda rashin lafiya, aka sa zaɓen cike gurbi ranar 29 ga Maris. Leba ta tsayar da Imran Hussain, lauya kuma mataimakin shugaban majalisar birni, ɗan gari, ɗan dangi. Kowa ya ɗauka an gama. Sai ga George Galloway, ɗan Sikotilan da Leba ta kora a 2003 saboda maganganunsa a kan yaƙin Iraƙi, ya sauka a garin da tutar jam'iyyar Respect. Cikin 'yan makonni ya juya lissafi: ya samu ƙuri'a 18,341, Imran Hussain 8,201. Shi da bakinsa ya kwatanta abin da guguwar sauyin da ta taso a ƙasashen Larabawa a lokacin.

A nan na fara jin kalmar biradari da kyau. Ma'anarta 'yan'uwantaka ko dangi, tsari ne da aka taho da shi daga ƙauyukan Kashmir. Ɗan takara ba sai ya bi gida gida ba, ya ga dattawa biyar ko goma, su kuma su ɗauki alkawarin ƙuri'un zuriya. Jam'iyyu duka sun ji daɗin wannan shekara da shekaru, domin ya fi araha, ya fi sauƙi. Abin da ba su lura ba shi ne jikokin nan an haife su a Ingila, sun yi karatu, ba su da aiki, kuma a tsakiyar garinsu akwai wani ƙaton rami da aka haƙa don ginin kasuwar zamani aka bari shekara da shekaru. Kawu ya ce a bas ɗinsa ya fara gane abin da ke tafe. 'Yan mata masu zuwa kwaleji da matan aure masu turin keken jarirai, waɗanda bai taɓa jin siyasa a bakinsu ba, su ne suka cika motar da zancen zaɓe. Dattijo zai iya ba da umarni a falo, amma a rumfar zaɓe mutum shi kaɗai yake shiga, da ɗan guntun fensir da aka ɗaure da zare.

"Kawu, kai fa wa ka zaɓa a lokacin?"

"Galloway mana, mai malafar nan," in ji shi. "Ni ma guguwar ta kwashe ni."

Guguwar ba ta daɗe ba. A 2015 Naz Shah, bayan yaƙin neman zaɓe mai zafi da har tonon silili aka yi, ta samu 19,977, Galloway ya dawo 8,557. Mutanen da suka ɗaga shi su suka sauke shi, shekara uku kacal. Imran Hussain kuwa a wannan zaɓen ya ci kujerar maƙwabta, Bradford ta Gabas.

A ganina kuskuren masu sharhi daga Landan shi ne su dubi rata mai yawa su ce soyayya ce. Tsarin zaɓen Birtaniya na wanda ya fi yawa ya ɗauka ne, ko da ƙuri'a ɗaya, babu zagaye na biyu. Idan babu wani abokin hamayya na kirki, kowa sai ya tattaru wuri ɗaya, rata ta kumbura. A 2017 da 2019 an ƙara da cewa Jeremy Corbyn ne shugaban Leba, mutumin da ya daɗe yana adawa da yaƙin Iraƙi yana goyon bayan Falasɗinawa, a unguwannin nan kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙuri'un nan aro aka ba jam'iyya, mai aro kuma yana iya zuwa karɓar kayansa ba sallama.

Haka aka yi bayan Oktoba 2023. Matsayin da shugabancin Leba ya ɗauka a farkon yaƙin Gaza ya ɓata wa mutane rai ƙwarai. Naz Shah kanta ta ajiye muƙaminta na jam'iyya a Nuwamba 2023 don ta kaɗa ƙuri'ar neman tsagaita wuta, tana cikin 'yan Leba 56 da suka saɓa wa umarni a ranar. Duk da haka alamar jam'iyyar da ke kusa da sunanta a takardar zaɓe ta kusa kayar da ita. Abin da ya cece ta, a nawa karatun, rabuwar kan masu fushi ne: wani ɗan indifenda na biyu ya kwashi ƙuri'a sama da dubu uku, jam'iyyar Green ma haka, ga tazarar kuwa 707. A wasu wuraren da aka tsaya a bayan mutum ɗaya an ga sakamako: a Dewsbury da Batley nan kusa, a Blackburn, a Leicester ta Kudu, a Perry Barr ta Birmingham, duk 'yan indifenda suka kayar da Leba a daren.

Rana ta uku muka hau bas zuwa Thornton, ƙarshen mazaɓar ta yamma. Ba a yi minti ashirin ba shagunan yadi da masallatai suka ƙare, sai gonaki masu katangar dutse, tumaki, da wata doguwar gadar jirgin ƙasa da aka daina amfani da ita. Yawancin mazauna nan Turawa ne, kuma ban ga tuta ko ɗaya a taga ba. Su ma ƙuri'arsu a akwati ɗaya take ƙarewa da ta Manningham, su ma wakiliyarsu Naz Shah ce. Na tsaya ina tunanin wahalar wanda zai rubuta takardar neman ƙuri'a guda ɗaya da za ta shiga gidajen nan biyu. Ba mu jima ba, sanyi ya koro mu.

A hanyar dawowa na sake yin lissafina da babbar murya. Dubu ashirin da biyu sun bar Leba, wanda ya zo na biyu ya samu dubu goma sha ɗaya, wasu sun watsu a ƙananan 'yan takara, amma har yanzu da saura. Kawu ya ce in duba yawan waɗanda suka fito: ko rabin masu rajista ba su kai ba. Rumfa a buɗe take daga ƙarfe bakwai na safe zuwa goma na dare, ranar Alhamis kamar yadda aka saba, ga damar aikawa ta gidan waya, amma fiye da rabi suka yi zamansu.

Sai da muka zo tasha, jirgin Leeds yana tsaye, na tuna cewa ɗaurin 2024 a gwangwanin nan babu rubutun biro a bayansa.

"Kawu, ba ka gaya mini wa ka zaɓa bana ba."

Ya miƙo mini jakata, ya gyara wuyan rigarsa. Ya ce ranar ya yi wanka ya sa kaya, ya ɗauki katin shaidarsa mai hoto tunda yanzu doka ta ce sai da shi, ya taka har bakin makarantar firamaren da ake zaɓen. Ya tsaya yana kallon samari da ke raba takardu a ƙetaren titi, kowa yana kiran sunan nasa. Ita Naz Shah yana ganin ƙoƙarinta, jam'iyyarta ce ba zai iya ba, sauran kuma bai san su ba.

"To sai me, Kawu?"

"Sai na wuce masallaci na yi la'asar," in ji shi. "Shiga, kada su rufe ƙofa."