Godiya bayan kammala jirgin Baba

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, jirgin Baba, wato ƙaramin samfurin jirgin yaƙi MiG-17 da na sassaƙa masa da katako, ya kammala, ya isa gida lafiya, Baba kuma ya gan shi da idonsa. Tun ranar Asabar nake son rubuto wannan saƙo, gajiya ta hana. Har yanzu yatsuna ba sa lanƙwasuwa sosai saboda gugar samfefa, tarin da warin tina ya sa mini ma bai gama sakina ba. Amma zuciyata ta yi sakayau, rabon da in ji haka tun kafin damina.

Ba sai na maimaita muku labari ba, da ku aka yi komai. Kun san daren da iska ta yaye kwanon shago, ruwa ya jiƙa fikafikan farko suka kumbura suka karkace. Kun san kwanciyar Baba a asibiti, da abin da likita ya faɗa cewa ganin idonsa na dama, wanda shi kaɗai ya rage masa, yana raguwa. Tun daga ranar wannan aiki ya daina zama abin sha'awa na bayan la'asar, ya koma abin da ke hana ni barci.

Waɗanda suka shigo daga baya suna ta tambaya me ya sa sai wannan jirgi. Baba yana saurayi yana aikin lebura a filin jirgin Kano a watan Agustan 1967, lokacin da manyan jiragen dakon kaya na Tarayyar Sobiyet suka sauka da MiG-17 a wargaje, aka harhaɗa su a nan. Rundunar sojan sama tamu shekararta uku kacal da kafuwa a lokacin, don a 1964 aka kafa ta, shi ya sa matuƙa daga Masar ne suka fara tuƙa su. Tun muna yara Baba yake ba mu labarin jirgin nan mai buɗaɗɗen baki, wanda idan ya tashi sai ka ji ƙararsa a haƙoranka. Bai taɓa mallakar ko hotonsa ba.

Akwai bayin Allah da suka rubuto mini a keɓe cewa wannan jirgi ya zubar da jini a Gabashin Najeriya lokacin yaƙin basasa, har da na mata da yara. Gaskiya suka faɗa, kuma na gode da ladabin da suka faɗe ta da shi. Baba bai taɓa ba mu labarin yaƙin basasa da alfahari ba. Duk sa'ad da ya kawo kan Janairun 1970 da aka ajiye makamai, sai ya ɗaga hannu ya ce Allah kada ya maimaita mana. Ƙuruciyar tsohona na sassaƙa, da abin da idonsa ya gani yana ɗan shekara ashirin. Allah ya jiƙan duk wanda ya rasa ransa a wancan yaƙi.

Na san wasunku sun ce kada in ambace su. Ku yi mini afuwa, yaba kyauta tukuici.

Na farko shi ne dattijon nan tsohon makanikin sojan sama da ke Kaduna, wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba, sai murya a waya. Kafin in sa zarto a katako ya zaunar da ni a kan bambancin MiG-17 da yayansa MiG-15, don a hoto mutum sai ya ɗauka abu ɗaya ne. Shi ya ce in ƙirga 'yan shingayen da ke tsaye a kan fiffike: uku-uku ne a MiG-17, biyu-biyu a MiG-15. Shi ya nuna mini cewa fiffiken ba miƙaƙƙe ba ne, ya koma baya da digiri 45 a kusa da jiki, sannan ya ɗan karye zuwa 42 a wajen ƙarshe. Ya ce in lura da ɗan fiffiken da ke ƙarƙashin jela, da bangon da ya raba bakin jirgin biyu don iska ta bi ta gefe da gefen mazaunin matuƙi ta isa inji. Har bindigogi sai da ya jera mini: babba guda mai milimita 37 a dama, ƙanana biyu masu milimita 23 a hagu, duk a ƙarƙashin hanci. Da bututun eriyar tsohuwar rediyo na yi su. Tsawon jirgin na gaske ya ɗan haura mita 11, faɗin fikafikansa mita 9.6, ni kuma na yi kashi ɗaya cikin goma, ya zo mita ɗaya da 'yan kai a tsawo, santimita 96 a faɗi. Duk wannan lissafi da shi muka yi, wani lokaci har katinsa ya ƙare ya sake sawa ya kira. Baba Soja, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Sai Alhajin madaba'a na Fagge, wanda ya tara mini tsofaffin farantan alminiyom da suka gama buga aiki da su, na yanka shingayen fiffike da ƙofofin tayoyi da birkin iska na gefen jela. Sai mai facin bakin titinmu. Kun tuna da na sa wa jirgin ƙafafu ya ƙi tsayawa, ya zauna a kan jelarsa hanci a sama, don nauyin katakon duk yana baya. Wannan yaro ya haɗo mini guntayen darmar da ake maƙalawa a wilin mota, na cusa su cikin hanci har tayar gaba ta taɓa ƙasa, ya kuma ƙi karɓar ko sisi. Ƙanwata ta yi ta tara mini gorunan lemo har muka samu wadda robarta ta lanƙwasu a kan wuta ba ta yi fari ba, da ita aka yi gilashin matuƙi.

Amma wanda nake son ku taya ni yi wa addu'a ta musamman shi ne Kawu mai fentin mota na ƙarshen layinmu.

Baba ya ce jirgin da ya gani ruwan azurfa ne, yana ɗaukar ido a rana. Duk mai fenti ya san babu launi mai tona asiri irin wannan, ƙwayar ƙura ɗaya ta sauka a kai sai an gan ta daga nesa. Ga shi hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari. Na toshe tagogin shago da tsumma, na fesa, na kwana da murna. Da gari ya waye na shafa jikin jirgin, sai na ji shi ƙirshi-ƙirshi tun daga hanci har jela. A wannan safiyar kuma yayata ta kira ta ce Baba ya fara kasa bambance fuskokin jikokinsa sai sun yi magana. Na zauna a bakin shago na rasa abin da ke mini daɗi. Kuɗin fenti ya ƙare, ƙarfina ya ƙare, ina jin tsoron in gama jirgin nan bayan idon ya riga ya rufe.

A haka Kawu ya same ni zai wuce masallaci. Ya shiga ya shafa jirgin da bayan hannunsa, bai ce komai ba. Bayan isha'i sai ga yaronsa, wai in kawo jirgin gareji. Na tarar ya fitar da motar mutane da yake aiki a kai, ya zagaye rumfar da leda, ya yayyafa ruwa a ƙasa har ta yi jagab don kada ƙura ta tashi. Ya miƙo mini samfefa mai laushi da bokitin ruwa ya ce, "Ɗana, zauna mu goge, ba za mu fesa ba sai iska ta kwanta." Muka yi ta guga har dare ya raba. Sannan ya tada janareta da man da ya saya don aikin gobe, ya fara shimfiɗa baƙi mai sheƙi, ya ce azurfa ba ta haske sai a kan baƙi. Ya bari ya sha iska, ya bi da azurfar sama-sama, hannu na tafiya ba ya tsayawa wuri ɗaya, ya jira, ya sake bi. Mutumin da ya haura sittin, ga ciwon gwiwa, yana durƙushe a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa cikin sanyin nan saboda jirgin katako. Kiran assalatu ya same mu a wurin. Kashegari da dare ya sake buɗe mini, muka yi tambarin kore-fari-kore da haruffan NAF na rundunar sojan samanmu, ya rufe da ruwan ƙyalli na ƙarshe.

Na kawo maganar kuɗi, ya ɓata rai. Ya ce, "Ni ma na yi jinyar uba, ban samu na yi masa abin da yake so ba. Ɗauki ka kai masa tun yana gani." Wallahi ban iya ba shi amsa ba, hawaye ne suka zubo mini a gaban yaransa.

Mai adaidaita sahun da ya kai mu shi ma ya yi ƙoƙari. Fikafikan ba sa cirewa, sai a karkace jirgin ya shiga, ni da babban ɗana muna riƙe da shi a lulluɓe da zanin gado. Ya bi da mu a hankali, yana kauce wa ramuka, masu mota na ta yi masa hon bai kula ba.

Mun fito da Baba tsakar gida da hantsi, inda haske ya fi yawa. Ya matso da fuskarsa har hancinsa na neman taɓa fentin, ya bi jirgin da ido da yatsu, ya sa hannu cikin bakin, ya ce, "Shi ne. Haka bakinsa yake." Ya tambayi ina tsanin da matuƙi ke hawa, na ce zan yi masa. Daga nan ya shiga ba jikoki labarin Misirawan nan da yadda suke shan shayi a inuwar fiffike, har azahar ba a tashi ba. Inna ta ce rabon da ya yi doguwar magana haka tun kafin asibiti.

Maman yara, ke kin san abin da kika ɗauka. Kin jure ƙurar katako a ɗaki, kin jure kuɗin cefane da ya riƙa raguwa, kina kai wa Baba abinci asibiti kina dawowa ki tarar da ni a shago ba ki taɓa ce mini in bari ba. Allah ya saka miki da Aljanna. Yayata da ta kwana da Baba duk tsawon jinyar, Allah ya ba ki masu yi miki. Akwai kuma 'yan uwa na jini da muka sa ran gani a asibiti ko ranar Asabar, gari ɗaya muke, ba mu gan su ba, ko waya. Baba ya tambaye su da sunansu, na ce masa aiki ne ya riƙe su. Ban riƙe kowa a zuciya ba, amma zumunci a ƙafa yake, kuma tsohon nan yana nan a ɗakinsa, ƙofa a buɗe.

Ya Allah, duk wanda ya taimaka da kuɗi, ko shawara, ko addu'a, ko kalma mai daɗi a daren da ruwa ya shiga shago, ka biya masa bukatunsa na duniya da lahira. Ka jiƙan mahaifin Kawu, ka haskaka kabarinsa, ka sa albarka a garejinsa da zuriyarsa. Ka ba iyayenmu lafiya, waɗanda suka riga mu ka gafarta musu. Ka zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin summa amin.

Masu tambayar ko na sayarwa ne, ku yi haƙuri, na Baba ne, yana ɗakinsa a kan kabad. Malaman makaranta biyu da suka nemi a kawo wa ɗalibai su gani, za mu shirya bayan na huta, da sharaɗin a kalla ba a taɓa ba, don shingayen fiffiken suna da kaifi. Matasan da suka nemi ma'auni da zanen da na yi aiki da su kuma zan tura wa kowa kyauta. Ranar Alhamis za mu mayar da Baba wurin likitan ido, ku sa shi a addu'a.