Bargon Gaggawa a Daren Hunturu Bisa Duwatsun Shere

Lahadi, tsakiyar watan Janairu.

Da hantsi muka sauko daga duwatsun Shere da ke gabas da Jos, ni da ƙanena da abokan tafiyarmu, bayan mun kwana a sama cikin tanti. Garin Jos kansa yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ƙololuwar Shere kuwa ta haura mita 1,800, don haka wanda ya san hunturun cikin gari, inda ma'aunin zafi kan sauko ƙasa da digiri 10 a wasu darare, ya san abin da ke jiran mai kwana a can. Kowannenmu ya tafi da bargon gaggawa a jakarsa, kuma ina so in rubuta yadda ya yi mana tun jikina bai manta ba.

Sunan bargo kawai aka ba shi, amma leda ce siririya ƙwarai da aka shafa wa alminiyom har take ƙyalli, idan aka ninke ta tana shiga aljihun riga, nauyinta kuma kimanin gram 50 ne. Hukumar NASA ta Amurka ce ta samar da ita a 1964 domin ayyukan sararin samaniya, kuma a 1973 da irinta aka yi wa tashar sararin samaniya ta Skylab laima lokacin da garkuwarta ta ɓalle rana ta fara gasa ta. Yau ita ake yafa wa masu gudun fanfalaki idan sun ƙare tsere, da mutanen da aka ceto daga teku.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare iska ta taso daga arewa maso gabas tana shigowa ta ƙasan tanti. Ƙanena ya warware nasa ya lulluɓa a kan rigar sanyinsa, ba a jima ba ya ce, "Yaya, ƙirjina ya ɗumama, amma bayana kamar ba a rufe shi ba." Wannan magana tasa ita ce gaskiyar abin baki ɗaya. Shimfiɗarsa tabarmar roba ce kawai a kan dutse, ni kuwa na ɗauko 'yar katifar soso. Alminiyom yana mayar wa jiki da mafi yawan zafin da ke fita daga fata kamar haske, ledar kuma tana tare iska, to amma zafin da dutse ke zuƙa daga bayan wanda ya kwanta a kansa ba ta da ikon hana shi, domin ba ta da kaurin da zai riƙe iska mai ɗumi a cikinta. Fulas ɗin shayi ma yana da ƙyalli a ciki, amma sararin da ke tsakanin bangayensa biyu shi ne ke yin rabin aikin, kuma wannan sararin ne bargon leda ya rasa. Sai da muka tara jakunkuna da busasshiyar ciyawa a ƙarƙashin tabarmarsa, muka ninka masa rabin katifata, sannan ya daina rawar sanyi ya samu barci.

Ƙarar ledar ma abin ambato ce, domin duk wanda ya juya sai kowa ya farka.

Abin da ya fi damuna ya bayyana da asuba. Da na tashi yin alwala na tarar cikin bargona ya yi raɓa, ɗigo-ɗigo a jere, kafaɗar rigata kuma ta jiƙe. Leda ba ta barin tururin jiki ya fita, sai ya taru a cikinta ya koma ruwa, jiƙaƙƙen tufafi kuwa yana janye zafin jiki da sauri fiye da busasshe. Ɗaya daga cikin abokan tafiyarmu bai gamu da wannan ba, saboda shi bai nannaɗe jikinsa ba, ya shiga bargon ulu tukuna, ya ɗora ledar a sama sakwa-sakwa, ya bar ƙafa a buɗe kaɗan. Shi ne ya fi kowa jin daɗin kwanansa, kuma a ganina haka ya kamata a yi amfani da ita.

Ban raina wannan leda ba ko kaɗan. Zafin jikin mutum digiri 37 ne, idan ya sauko ƙasa da 35 an shiga hatsari, kuma ga wanda ruwa ya doka ko ya ji rauni a kan dutse yana jiran taimako, abin da zai tare masa iska na 'yan sa'o'i yana iya zama sanadin tsira da ransa. Abin da nake jin tsoro shi ne saurayi ya ga an rubuta a jikin fakiti cewa tana mayar da kashi 90 cikin 100 na zafin jiki, ya bar bargonsa a gida, alhali wannan adadi ya shafi hanya ɗaya ce kawai daga cikin hanyoyin da jiki ke rasa zafi. Tawa ta yage a gefe lokacin da nake ninke ta, yagewar kuma ta zarce har tsakiya, don haka zan sayi sabuwa in mayar cikin akwatin taimakon gaggawa. Ƙanena kuma na riga na gaya masa cewa kafin tafiya ta gaba, in Allah ya yarda, katifar soso za mu fara nema masa.