Takardar amincewa

Yau a asibiti likitan zuciya ya ajiye mana takardar amincewa kafin a yi wa Baba gwajin jijiyoyin zuciya. Ya ce siririn bututu za a zura ta jijiyar wuyan hannu har zuciya, a tura wani ruwa mai sa jijiyoyin su fito a hoto. Sai ya shiga faɗin abin da ka iya biyo baya: zubar jini ko kumburi a wurin hujin, rikicewar bugun zuciya, ko ruwan ya taɓa ƙoda, musamman ga mai ciwon suga irin Baba. Shanyewar ɓarin jiki ma takan faru, amma ba ta kai mutum 1 cikin 100 ba.

Wallahi jikina ya yi sanyi. Baba kuwa, carbi a hannu, tambaya ɗaya ya yi: "Likita, ina farke za a yi?" Aka ce eh, wurin kawai za a kashe da allura. Ya dangwala yatsa, ya ce min, "Sa hannu mana, mu samu La'asar a Tudun Wada." Na sa. Har yanzu maganar ƙodar nan ce ta tsaya min a rai, sai na ga sakamakon gwajinta hankalina zai kwanta.