Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Wa'azin da aka yi a bakin kabarin Yaya

Makon jiya na yi alkawarin yau zan shiga labarin aurenmu da Maman yara. Ku yi mini haƙuri, ba zai samu ba. Ranar Lahadi bayan an tashi sujada jikana mai karatu a Jos ya tare ni da tambaya, wai Kaka, Yesu ya mutu domin kowa da kowa ne, ko domin zaɓaɓɓu kaɗai? Ya ce abokansa sun rabu gida biyu a kan maganar, har wasu ba sa gaisawa. Tun daga ranar Yaya ya tsaya mini a rai, kuma na san in ban sauke nasa labarin ba hannuna ba zai rubuta wani ba.

Waɗanda suka biyo ni tun kashin farko sun san Yaya. Shi ya fara shiga makarantar mishan a gidanmu, shi kuma ya koya mini karatu a cikin Littafi Mai Tsarki ɗin Baba, tsohuwar fassarar nan ta 1932, wanda Baba ya saya da kuɗin gyaɗa. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967 ya shiga soja ba da son Inna ba. Bayan an gama yaƙi a 1970 ya dawo mana da ɗingishi da rashin barci. Da dare sai ka ji shi yana zagaya tsakar gida har asuba. Daga nan burkutu ta kama shi. Dattawan ikilisiya suka yi masa faɗa, suka sake yi, daga baya suka sa shi a horo, aka hana shi jibin Ubangiji. Ban taɓa ganin laifinsu a nan ba, ka'ida ce kuma sun bi ta da hawaye. Abin da mutane suka manta shi ne Yaya bai daina zuwa ba. Yakan zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, hularsa a kan gwiwa, ya yi waƙa da muryar nan tasa mai kauri, kafin a yi addu'ar rufewa ya sulale.

Baba mai bishara ne, karatunsa bai yi nisa ba. Da keke yake shiga ƙauyukan Maguzawa na wajen Malumfashi, wani wurin a saurare shi, wani wurin a sakar masa karnuka. In abokan aikinsa suka ce a bar ƙauye kaza, mutanensa ba masu tuba ba ne, sai ya ce: "An aike ka da wasiƙa, ba a ba ka littafin sunaye ba." Mun ji wannan magana har mun gaji da ita muna yara. In Inna ta yi kuka a kan Yaya, ita zai faɗa. In na zo da fushi na ce Yaya ya zubar mana da mutunci a kasuwa, ita zai faɗa.

Yaya ya rasu da daminar 1984, watanni bayan sojoji sun hamɓarar da Shagari. Hanta ce. Ina Funtuwa wurin koyarwa, Inna ce a kansa. Ta ce a daren ƙarshe ya riƙe hannunta ya ce, "Inna, yi mini addu'a," tana cikin yi ta ji yana kiran sunan Yesu. Iyakar abin da muka samu ke nan, kuma Inna ba ta taɓa ƙara masa gishiri ba.

A lokacin an kawo mana sabon fasto, saurayi, bai daɗe da fitowa daga makaranta ba. Ba zan kama sunansa ba, ba kuma zan faɗi inda ya yi karatu ba, don malamansa ba su aike shi ba. Yana da ilimi, yana da baki. A bakin kabari, ƙasa jiƙe, ana shirin saukar da gawa, ya buɗe Romawa sura 9. Ya karanta inda aka ce Allah ya ƙaunaci Yakubu ya ƙi Isuwa tun ba a haife su ba, ya karanta zancen maginin tukwane da yumɓu, wata tukunya domin daraja, wata domin hallaka. Sai ya rufe littafin ya ce ba kowa aka zaɓa ba, jinin Almasihu kuma ba domin kowa aka zubar da shi ba, kuma wanda aka zaɓa ana ganewa tun yana da rai. Bai ambaci Yaya ba. Amma da ya faɗi haka ya juya ya kalli akwatin, kowa kuma ya bi idonsa.

Inna ta zauna daɓas a cikin taɓo. Matan zumunta suka ɗaga ta. Baba bai ce uffan ba har aka rufe kabari. Da yamma faston ya zo gida gaisuwa, Baba ya sa aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo masa ruwa, sannan ya ce masa a hankali: "Fasto, ɗana, yaushe aka nuna maka littafin?" Ya ce, "Baba, gaskiya ce na faɗa, gaskiya kuwa ɗaci gare ta." Baba ya ce, "To, Allah ya ba mu alheri." Daga nan bai sake ta da maganar da shi ba. Ni ne na kasa.

Maƙwabtanmu Musulmi sun cika zauren nan kwana da kwanaki. Mutane ne da suka riƙe imani da ƙaddara da ƙarfi, amma abin da ya fito bakinsu shi ne kwana ya ƙare, Allah ya ba da haƙuri. Babu wanda ya yanke wa mamaci masauki a gaban uwarsa. Wanda ya yi haka namu ne, da Littafi a hannu.

Kamar wannan bai isa ba, Gwaggo ta zo da nata. Ita ba ruwanta da zancen zaɓe, a wurinta komai a hannun mutum yake. Ta ce wa Inna da ta dage da azumi da addu'ar dare da yaron nan bai tafi haka ba. Inna ta ɗauki kaya biyu: ko Allah bai taɓa son ɗanta ba, ko ita ce ta gaza. Har ta tsufa, duk sabon faston da aka kawo sai ta kira shi gefe ta tambaye shi ko ɓarawon nan da ke kan gicciye kusa da Yesu an yi masa baftisma, ko ya taɓa cin jibi. In ya ce a'a Mama, amma Ubangiji ya ce masa yau za ka kasance tare da ni a Firdausi, sai ta gyaɗa kai ta tafi. Wani ya zo ta sake tambaya.

Shekarun da suka biyo baya na canje-canjen wurin aiki ne da rainon yara, babu abin faɗa. Sai da furfura ta fara fito mini na samu shiga kwas na hutu a wata makarantar Littafi Mai Tsarki a Filato, kuma ba don komai na nace wa darasin tarihin ikilisiya ba sai don in gano inda faston nan ya samo maganarsa. A can na tarar gardamar ta girmi kakannin kakanninmu. A Afirka ma aka fara ta da zafi. Agustin, bishop na Hippo, inda garin Annaba na Aljeriya yake yanzu, ya yi jayayya da wani malami mai suna Felagiyus, wanda ya koyar cewa mutum yana da ƙarfin yi wa Allah biyayya da kansa. Agustin ya ce a'a, zunubi ya karya nufin mutum, in ba alherin Allah ya riga ya taɓa shi ba, ba zai ko juyo ba. Taron Kartaj na 418 ya ƙi koyarwar Felagiyus. Bayan shekara fiye da dubu Jon Kalbin na Jeniba ya ɗauki zaren Agustin ya ja shi har ƙarshe. A Holan kuma wani malamin jami'ar Laiden, Arminiyus, wanda a Jeniba ɗin ya yi karatu, ya ce Allah yana zaɓen waɗanda ya riga ya san za su ba da gaskiya, Almasihu ya mutu domin kowa, kuma mutum yana iya ƙin alherin da aka miƙa masa. Ya mutu a 1609, almajiransa suka rubuta matsayinsu cikin batutuwa biyar a 1610. Aka kira babban taro a garin Dort daga Nuwamba 1618 zuwa Mayu 1619, aka ƙi matsayinsu, aka sauke fastocinsu wajen ɗari biyu daga aiki.

A ajinmu akwai 'yan'uwa Tibi, waɗanda ikilisiyarsu ta gaji koyarwar Dort daga mishan, akwai kuma 'yan Metodis. Kullum ana ci ana musu. Wani ɗan'uwa daga cikin Tibin ne, da na ba shi labarin Yaya, ya kawo mini takardun Dort ɗin ya ce in karanta da idona. Na karanta a ɗakin kwana da fitilar ƙwai don an ɗauke wuta. Mutanen da suka fi kowa tsanani a kan zaɓe, su da kansu sun rubuta cewa darajar mutuwar Almasihu ba ta da iyaka, ta isa ta shafe zunuban duniya duka. Sun rubuta cewa dole a yi shelar alkawarin bishara ga dukan al'ummai da dukan mutane ba tare da bambanci ba. Sun kuma rubuta cewa wanda bai riga ya ji bangaskiya mai rai a zuciyarsa ba, amma bai bar hanyoyin alheri ba, kada ya firgita, kada ya lissafa kansa cikin waɗanda aka ƙi. Na tuna bencin ƙarshe kusa da ƙofa. Kalbin ma a cikin babban littafinsa ya ɗauko maganar Agustin cewa tun da ba mu san wanda ke cikin zaɓaɓɓu da wanda ba ya ciki ba, ya kamata mu so ceton kowa. Maganar Baba ce sak, shi da bai taɓa jin sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Daren nan fushina ya dawo sabo, domin na gane faston nan rabin koyarwarsa ya ɗauko, rabin da ke yanka, ya bar sauran a makaranta.

Malaminmu ya ba mu labarin Jon Wesli da Joj Witfil na Ingila, abokan wa'azi. A 1739 Wesli ya yi wa'azi mai zafi a kan cewa alherin Allah kyauta ne ga kowa, ya soki koyarwar zaɓe, Witfil ya mayar masa da martani a rubuce, suka raba hanya. Amma da Witfil ya mutu a Amurka a 1770, Wesli ne ya yi wa'azin tunawa da shi a Landan, kamar yadda mamacin ya so, ya yabe shi, ya ajiye gardamar a gefe. Manya ke nan. Sun san akwai maganar aji, akwai ta bakin kabari.

Kada wani ya ɗauka na jefar da Romawa 9. Tana nan, Maganar Allah ce, kuma ni shaida ne cewa ba ni na nemi Allah ba. Gida ɗaya muka tashi da Yaya, tuwo ɗaya, addu'a ɗaya, ya fi ni kirki nesa ba kusa ba. Da ni aka kai bakin daga na ga abin da ya gani, wa ya ce ba zan fi shi sha ba? In na tsaya, riƙe ni aka yi. Yohanna 6:44 ta ce ba mai zuwa wurin Yesu sai Uba ya jawo shi, na yarda. Amma a surar nan dai, aya ta 37, ya ce wanda ya zo gare shi ba zai kore shi ba ko kaɗan. Bitrus a ranar Fentikos ya gaya wa mutanen Urushalima cewa bisa ga shirin Allah da rigyasaninsa aka ba da Yesu, a numfashi ɗaya kuma ya ce ku kuka kashe shi, ku tuba. Bai ga sun ci karo ba. A kan fansa kuwa na tsaya inda 1 Yohanna 2:2 ta tsaya, cewa shi ne hadayar gafarar zunubanmu, ba namu kaɗai ba, har da na duniya duka, da inda Bulus ya gaya wa Timoti cewa Allah yana son dukan mutane su sami ceto. Abin da na faɗa wa jikana ke nan. Ina girmama 'yan'uwan da suka fahimce ta dabam, na ci abinci da su, sun yi mini alheri. Amma bakina ba zai taɓa gaya wa ɗan Adam, mai rai ko matacce, cewa ba dominsa aka zubar da jinin nan ba. An aike ni da wasiƙa.

Faston ya yi gaba, ya riƙe manyan muƙamai. Mun haɗu a wani taron shekara bayan Inna ta rasu, ya kama hannuna da hannu biyu yana tambayar mutanen gida. Na ambaci Yaya, na ga bai tuna ba. Wannan ya fi mini ciwo a kan wa'azin kansa. Inna ta kwana da maganarsa har ƙarshen ranta, shi kuwa ko ranar bai riƙe ba. Na yafe masa don an umarce ni in yafe, kuma ina roƙon Allah ya karɓe shi da jinƙan da ya hana ɗan'uwana a gaban jama'a. Amma yafewa ba ta mayar da abin da ya faɗa gaskiya ba, kuma ba zan rubuta tarihina in tsallake shi ba.

Akwai wanda ban ambata ba a bakin kabarin. Ɗan Yaya na fari yana tsaye kusa da ni, yaro ne ɗan firamare, ya ji komai kuma ya fahimta. Daga ranar ya daina shiga majami'a, ya ce in an riga an rubuta, zuwansa na me. Baba ya bi shi da lallashi har ƙarfinsa ya ƙare, daga baya riƙonsa ya dawo hannuna, a daidai lokacin da Kawu ya ta da rigimar gonar fadama yana cewa marayu ba su da rabo a cikinta. Daga nan zan ɗauka mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.