Tarihin Rayuwata, Kashi Na 11: Zangona Na Farko A Gaban Allo

A makon jiya mun tsaya a inda takardar ɗaukar aiki ta iso hannuna, aka ba ni darasin magana a gaban jama'a in koyar da 'yan aji ɗaya na kwaleji. Daga nan za mu ɗora.

Kafin a buɗe zango, shugaban sashenmu ya ce kowane sabon malami ya rubuto masa shafi guda kan abin da yake so ɗalibansa su fita da shi. Da ya karanta nawa sai ya cire tabarau ya dube ni.

"Malama, na ɗauka zakarun gasar muhawara za ki samar mana."

"Yallaɓai, masu gasa ai sun zo da bakinsu tun daga gida. Ni wanda yake fakewa a layin baya nake nema."

Ya yi dariya, ya ce Allah Ya ba da sa'a. Ban sani ba ko addu'a ce ko tausayi.

Darasin nan dole ne ga kowa, don haka a aji ɗaya za ka tarar da mai karatun injiniya da mai karatun jinya da mai lissafin kuɗi, kuma mafi yawansu ba don suna so suka zo ba. Wasu sai sun kai shekarar ƙarshe suke yi masa rajista, saboda tsoro. Tsoron kuwa na gaske ne. Jiki ne yake sakin sinadarin adirenalin kamar mutum ya yi karo da haɗari: zuciya ta kama dukan uku-uku, yawu ya ƙafe, takardar da ke hannu ta riƙa kaɗawa kowa na gani. Wani masani ɗan Amurka, James McCroskey, ya shafe shekaru tun daga 1970 yana nazarin wannan fargaba, har ya tsara ma'aunin da ake gwada ta da shi. Na gaya wa ɗalibaina haka tun ranar farko, don kowa ya daina zaton shi kaɗai abin ya sama. Na kuma tuna musu cewa Annabi Musa (AS) da kansa ya roƙi Allah Ya warware masa ƙullin harshensa kafin ya tunkari Fir'auna.

Ban jefa kowa gaban aji a makon farko ba. Mun fara da mutum biyu-biyu, a zaune, kowa ya gabatar da ɗan'uwansa cikin minti ɗaya. Daga nan rukuni na biyar-biyar, sannan tsayuwa a inda kake, sai daga baya fitowa gaban allo. Akwai wata yarinya da muryarta ba ta wuce kujerar da ke gabanta. Ta same ni a ofis ta ce, "Malama, don Allah ki bar ni in rubuta a takarda, ko rabin maki ne ki ba ni." Na ce mata a'a, amma na yarda ta fara yi mini jawabin ni kaɗai, ƙofa a rufe. Haka muka yi ta yi har ta iya tsayawa gaban mutum goma.

Sai dai abin da ya fi cin raina a zangon nan ya fito ne daga ɗaya ɓangaren, wato masu zaƙin baki. Su ba sa rawar murya, ba sa duba takarda, aji na tafa musu. Amma ka saurara da kyau sai ka ji "bincike ya nuna" babu sunan mai binciken, ka ji kashi kaza cikin ɗari da aka ƙirƙiro a hanyar zuwa aji. Wani ma ya tsaya da ƙarfin gwiwa ya ce kalmomi kashi 7 kacal suke ɗauka na saƙo, murya 38, fuska 55. Wannan lissafi ya samo asali ne daga gwaje-gwajen wani masanin halayyar ɗan Adam, Albert Mehrabian, na 1967, kuma kan abu ƙanƙani aka yi su: yadda mai sauraro ke gane so ko ƙi idan kalma guda ta saɓa da murya ko yanayin fuska. Da haka yake a kowace magana, da sai mu kalli jawabi cikin harshen da ba mu ji mu fahimci kusan duka. Na tambayi ɗalibin inda ya samo, ya ce a intanet. Daga ranar na kafa doka: duk adadin da ya fito daga bakinka, ka faɗi wanda ya ƙirga da shekarar da ya ƙirga, in ba haka ba ka ajiye shi.

Wasu sun ga na tsananta. Ni kuwa ina ganin wannan ce zuciyar aikin. Aristotal, masanin falsafa na Girka, shekaru fiye da 2,300 da suka wuce, ya ce abu uku ke sa a yarda da mai magana: halinsa, yadda ya motsa zukatan masu sauraro, da hujjarsa. Kwintiliyan, malamin balaga na Rum a ƙarni na farko, ya ƙara matsawa, ya ce cikakken mai jawabi mutumin kirki ne da ya iya magana. Ni fasaha nake koyarwa wadda ba ta zaɓen mai riƙe ta. A Ruwanda a 1994, masu gabatar da shiri a gidan rediyon RTLM sun iya magana ƙwarai, kuma da ita suka ingiza mutane kashe maƙwabtansu. Magana zarar bunu ce. Ba na so wanda ya bi ta ajina ya zare ta bai san me ya zaro ba.

Batun tsawon jawabi bai ba ni wahala ba. Na karanta musu labarin taron garin Gettysburg na Amurka a 1863, inda wani fitaccen mai jawabi, Edward Everett, ya yi awa biyu yana jawabi, Shugaban Ƙasa Abraham Lincoln ya tashi ya yi kamar minti biyu da kalmomin da ba su kai 300 ba, kuma nasa ake haddacewa har yau. Sannan na ajiye agogo a kan tebur.

Na kuma ware maki ga sauraro. Wanda ya duƙufa kan waya alhali ɗan'uwansa na fama a gaba, ya yi asara, ko da shi ne gwanin aji. Bayan kowane jawabi sai mutum biyu su faɗi abin da suka fahimta kafin a soma gyara, domin sau da yawa a nan mai jawabin ke gano cewa abin da ya yi niyyar faɗa daban, abin da ya isa kunne daban.

Rigima ta taso ne a kan sakamakon tsakiyar zango. Ina auna kowa da jawabinsa na farko, ina kuma auna ingancin hujja, sai yarinyar nan mai ƙaramar murya ta zarce gwanin da aji ke tafa wa. Bai ce mini komai ba. Washegari da safe masinjan sashe ya leƙo ofishina ya ce, "Malama, Yallaɓai na nemanki, kuma ya ce ki taho da takardun makin."

Yadda muka kwashe a ofishin, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.